Haɗuwar Lasix da midazolam a robar jijiya ɗaya

Ma'aikaciyar jinya: Assalamu alaikum. A sashen kulawa ta musamman muna da majinyaci da aka sa wa bututu mai baki uku a babbar jijiyar wuya, amma magungunan da ke shiga jikinsa sun fi bakunan yawa: noradirenalin mai ɗaga bugun jini idan ya faɗi, midazolam mai sa majinyaci barci, Lasix mai fitar da ruwan jiki ta fitsari, ga seftirayazon mai kashe ƙwayoyin cuta, ga ƙarin ruwa mai suna Ringa. An gargaɗe ni kada Lasix ya gamu da midazolam. Ina neman a fahimtar da ni dalili, da yadda ya dace a raba bakunan.

Mai harhaɗa magunguna: Wa'alaikumus salam, Malama. Lasix yana da ɗabi'ar kanwa, shi kuwa midazolam ba ya zama a narke sai cikin ruwa mai tsami, don haka da zarar sun gamu a mahaɗar roba za ki ga farin hazo ya tashi kamar madarar da ta tsinke. Waɗannan ƙananan gudaji suna toshe bututu, suna kuma iya maƙalewa a jijiyoyin huhu, sannan majinyacin ba zai sami maganin da aka rubuta masa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali a jerin naki shi ne seftirayazon, domin ruwan Ringa yana ɗauke da kalsiyam, kuma haɗuwarsu ta yi sanadin mutuwar jarirai, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2007. A 2009 ta sassauta wa wanda ya wuce kwana 28 da haihuwa, bisa sharaɗin a ba su ɗaya bayan ɗaya, a wanke robar sosai da ruwan gishiri a tsakani.

Likitan sashen: Ki keɓe wa noradirenalin bakinsa shi kaɗai, kuma kada a tura ruwan wanke roba ta nan, domin maganin da ke kwance a robar zai shiga lokaci guda, jini ya hau. Lasix kuwa a sa masa wata kanula, wato ƙaramar robar jijiya, a hannu.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya: 'Yata, kada ki dogara da ido kaɗai. Jentamisin da dangin fenisilin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, suna iya gauraya garau, babu hazo ko kaɗan, alhali fenisilin yana rage ƙarfin jentamisin. Ki nemi sashen magunguna ya ba ku jadawalin dacewa ku manna kusa da teburin haɗa allurai, haɗin da ba ki samu a cikinsa ba kuma ki kira su kafin ki buɗe robar.