Gilashi ɗaya, farashi ninki biyar: kuɗin riga ake biya?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum. Ina neman shawara kafin in saki kuɗi. Bayan sallah za mu fara ɗaukar shiri mai dogon zango, kusan dukkansa a cikin gida ne, ɗakuna da tsakar gida da zaure. Kyamararmu Blackmagic Pocket 6K ce. Mai ɗaukar hotona ya kawo mini takarda wai a sayi lensin zum na sinima mai faɗin gani, wato lensin da ke matso da hoto ko ya faɗaɗa shi ba sai an canza wani ba, ya rubuta Sigma 18-35 T2. Ya ce 18 ce iyakar faɗinsa, 35 iyakar matsowarsa, T2 kuma ma'aunin hasken da yake shigarwa. Da na leƙa akwatin ofis sai ga Sigma 18-35 a kwance, mun fi shekara uku da shi. Na tambaye shi, ya ce wancan na hoto ne, wannan na sinima. Kamfani ɗaya, lamba ɗaya. To me zan saya?

Ɗanjuma Jos: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki sayi komai. Gilashin da ke cikin su biyun tsari ɗaya ne. Na hoton ya fito a 2013 a kan kusan dala 800, na sinimar aka sanar da shi a 2016 a kan kusan dala 4,000. Abin da aka yi, an cire masa rigar roba an sa masa ta ƙarfe mai haƙoran da na'urar juya lensi ke kamawa. Ki ɗauki sin ɗaya da kowanne, ki kai wa edita, wallahi ba zai ware su ba. Lensin sinima mai faɗi a aikinmu na nan kuɗin riga ne kawai, da burga a lokeshin.

Ummi Edita: Ni dai an ambace ni, bari in yi magana. Idan kyamara na tsaye, jarumi na zaune bai motsa ba, gaskiyarka Ɗanjuma, ba zan ware ba. Amma jarumi ya tashi daga tabarma ya nufo ƙofa, nan take nake gane wanne aka sa. Ba daga launi ba, daga yawan ɗaukar da nake zubarwa saboda fuska ta dusashe.

Ɗanjuma Jos: Wannan laifin hannu ne, ba na gilashi ba.

Nura mai fokas: Yaya Ɗanjuma, hannun nawa ne, don haka ka ba ni dama. Zoben fokas, wato wanda ake juyawa don fuska ta fito tas, a lensin hoton ba shi da iyaka. In ka kai ƙarshe bai tsaya ba, sai ya ci gaba da zamewa. Na yi alama da alli a inda jaruma za ta tsaya, na yi wata a bakin ƙofa, aka yi gwaji lafiya lau. Hannuna ya ɗan zarce ƙarshe sau ɗaya tak, duk alamomin sun tashi aiki, kuma ba abin da zai sanar da ni sai mun duba hoto. Na sinimar yana tsayawa cak a gefe biyu, juyinsa digiri 180 ne, an rubuta nisa a jikinsa. In na auna ƙafa bakwai da tef, na sa zobe a bakwai, shi ke nan. Sannan na hoton ba shi da zoben buɗe ido, wato na ƙara haske ko rage shi, daga kyamara ake canzawa, yana tafiya tsalle-tsalle. Jarumi ya fito daga ɗaki zuwa tsakar gida da rana tsaka, ka gwada rage haske a tsakiyar ɗauka ka ga yadda hoto zai riƙa ƙiftawa.

Ɗanjuma Jos: Ana sayar da zobe mai haƙora na ɗaurawa a kai, kuɗinsa bai kai na cefanen rana ɗaya a lokeshin ba.

Nura mai fokas: Ina da guda uku. Haƙora yake ƙarawa, ba ya ƙara iyaka.

Bashir Gimbal: Ku yi haƙuri manya, amma duk wannan zancen na da ne. Ni da Sony FX30 nake aiki, kyamarar ce ke bin idon jarumi da kanta. Lensin sinima ba ya yin haka, sai an ɗaura masa ɗan inji mai juya zoben fokas da wani mutum na biyu riƙe da rimot. Ga nauyi: na hoton giram 810, na sinimar ya doshi kilo ɗaya da rabi. Ka ɗauke shi a gimbal, marikin nan da ke hana kyamara girgiza, ka yi waƙa guda a Tiga, kafaɗarka za ta ba ka labari.

Malam Sabo: Bashir, kyamararka tana bin ido, amma ba ta karanta labari. Miji na gaba yana magana, matar na baya a bakin labule tana saurare, darakta yana son a bar mijin a koma kanta daidai lokacin da ya ambaci kishiya. Wace na'ura ce ta san da kishiya? A waƙa da biki na yarda da kai, can ba a tsayawa auna nisa.

Hajiya, ni ina ganin duk an bar jaki ana dukan taiki. Kin ce aikinku a ɗakuna ne. Tambayar farko ba riga ba ce, shin 18 ta ishe ki? Bari mu yi lissafi. Faɗin sensar Pocket 6K, wato farantin da hoto ke sauka a kai cikin kyamara, milimita 23 ne da ɗoriya. Ɗakinmu na gida galibi ƙafa goma sha biyu ne kowane gefe. Ki manna kyamara da bango, 'yan wasa suna zaune kamar mita biyu daga gare ta. A 18 abin da za ki gani a faɗi mita biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya. Mutum uku a kujera sun shiga, na huɗu da ke tsaye a ƙofa ya fita. A 14 za ki samu mita uku da kwata da ɗan ɗoriya, a 11 ki haura mita huɗu. To in matsalar mai ɗaukar hotonki ƙuncin ɗaki ce, ya sayi 18-35 na zinariya ma bango ba zai matsa ba.

Hajiya Rabi: Ranku ya daɗe Malam, abin da yake ta kuka da shi ke nan, wai ɗaki ya yi masa kaɗan.

Malam Sabo: To kin gani. Ya rubuta maganin ciwon da ba shi ne ke damunsa ba.

Mamman Maraɗi: Sannunku da hira. Mu nan Tokina 11-16 muke sawa in wuri ya matse, tsohon na hoto. Yana haɗiye ɗaki duka har da rufi. Akwai na sinimarsa 11-20 T2.9 ga mai hali.

Ummi Edita: Don Allah Mamman kada ka tuna mini da 11. An taɓa kawo mini wani aiki, sin ɗin zaman sulhu, dattijo yana can ƙarshen hoto. Kansa ya miƙe gefe kamar an ja ƙullin fulawa, hularsa ta zama kwano. Ƙofar ɗakin ma ta karkace. Na yanke gefe-gefe har hoton ya koma abin da 16 za ta ba su tun farko.

Mamman Maraɗi: Ai ba a ajiye mutum a baki. A tsakiya ake tara su.

Ummi Edita: In za a tara su a tsakiya, faɗin na mene ne?

Malam Sabo: Abu biyu kuke haɗawa. Lanƙwasar layi, inda ginshiƙin ƙofa ke yin ciki kamar ganga, wannan aibin lensi ne, kuma nan kuɗi ke aiki. Kamfanin ARRI suna da zum 9.5-18 T2.9 da aka yi shi don layi ya tsaya a miƙe duk faɗinsa, sai dai kuɗinsa ya sayi gida a wasu unguwannin. Amma miƙewar kai a gefen hoto, wannan ko wanne ka saya za ka same ta, domin haka lissafin shimfiɗa faɗi a kan sensa yake. Haka girman hanci in an matso da kyamara: kusanci ne ya jawo, ba lambar lensi ba. Na sha faɗa wa yara, kada ku ɗauki fuskar mace da 14 a kusa sannan ku ce mai kwalliya ce ba ta iya ba.

Af, tunda ana zancen faɗi, wanda ya buɗe wannan hanya Bafaranshe ne, Pierre Angénieux. A 1950 ya fito da tsarin da ke barin lensi mai faɗi ya zauna nesa da fim, ya bar wa madubin kyamara wuri. Kamfaninsa na nan har yau a Faransa. Suna da lensin EZ-2, 15-40 T2 a kan sensa irin ta Hajiya, in ka canza gilashin bayansa ya koma 22-60 T3 na babbar sensa. Da ina da kuɗi shi zan riƙe in mutu da shi.

Ɗanjuma Jos: Malam, da girmanku, ai kun dawo kan maganata. Kun ce 18-35 na sinima ba zai ƙara mata komai ba.

Malam Sabo: Ban ce ba, ƙanena. Na ce ba zai ƙara mata faɗi ba. Kuskurenka shi ne ka ɗauki misali ɗaya, inda gaskiya gilashin ɗaya ne, ka yi wa duk lensunan sinima kuɗin goro. Sigma sun ɗauko na hoto sun tufatar da shi. Fujinon MK 18-55 T2.9 da ya fito a 2017 ba haka aka yi shi ba, don bidiyo aka zana shi tun daga tushe. Ka ja zum zuwa 55, ka saita fokas a ido, ka dawo 18, fokas na nan bai gusa ba. In ya gusa akwai wurin daidaita shi a gindin lensin. Ka juya fokas daga gaba zuwa baya, gefen hoto ba ya shiga yana fita kamar mai haki. Wannan ba riga ba ce, ƙarin aiki ne a cikin gilashin. Kuma bai kai kilo ɗaya ba, Bashir, giram 980 ne.

Bashir Gimbal: Wannan zai hau kyamarata Malam, bakin Sony gare shi, wato wurin da ake haɗa shi da kyamara. Amma ba zai hau ta Hajiya ba, tata bakin Canon ce.

Malam Sabo: Haka ne, misali na kawo.

Ɗanjuma Jos: To ga inda zan kama ku. T2.9 da T2 ba ɗaya ba ne. T2.9 kusan rabin hasken T2 yake shigarwa. Duk waɗannan da ake yabo, DZOFilm 14-30 T2.8, Tokina T2.9, Zeiss 15-30 T2.9, sai an ninka fitila kafin su ba da abin da tsohon Sigma na akwatin Hajiya ke bayarwa. Mu da ke aiki da ƙaramin janareta da fitila uku, wa zai biya man? Sin ɗin dare a ƙauye fa?

Nura mai fokas: Nan kam ka faɗi gaskiya Yaya. Sai dai a buɗe shi duka ni ne ke shan wuya, tazarar da ke fitowa tas a 35 ba ta fi tafin hannu ba in an matso.

Hajiya Rabi: Ku tsaya, kaina ya fara juyawa. Me ya sa ba za a sayi faraim ɗaya mai lamba 14 ba, irin lensin nan da ba ya zum, a huta? Na ga sun fi araha.

Malam Sabo: Ana iya yi. Amma ki ƙirga sau nawa za a kwance lensi a wuni. Kuna ɗaukar sin goma sha biyar ko fiye, kowanne da faɗi da matsakaici da na kusa. Kowace kwancewa mintuna ne, ga jarumi yana duba agogo don yana da wani lokeshin. In aikin ya kai ku lokacin hunturu kuwa, duk buɗe bakin kyamara gayyatar ƙura ce.

Ummi Edita: Ɗigo ɗaya a sensa, a sararin sama ko farin bango, fitowa ta goma sha biyu ina binsa ina gogewa. Ban yafe wa wanda ya canza lensi a bakin titi ba.

Mamman Maraɗi: Hhhh. Allah ya huci zuciyar edita.

Ɗanjuma Jos: Ni fa har yanzu ina kan bakata a kan Sigma. Mai kallo a waya yake kallo, a YouTube, wani ma da data ta ƙare ya rage ingancin hoton. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Dala 3,000 da ɗoriya da za a zuba a ƙarfe, a zuba su a fitila da na'urar sauti, shirin zai fi kyau ninki.

Nura mai fokas: Mai kallo a waya ba ya ganin kaifin gilashi, na yarda. Amma yana ganin fuskar da ta dusashe.

Malam Sabo: Hajiya, tambaya ɗaya. A ma'aikatanki akwai wanda aikinsa jan fokas ne kawai, ko mai kyamara ne ke yi da hannun hagu?

Hajiya Rabi: Shi ke yi. Yaronsa batir da kati yake riƙewa.

Malam Sabo: To rubutun nisa da haƙoran nan babu mai karanta su a wurinki, a wannan gaɓar Ɗanjuma ya ci. Ko ki ɗauki irin su Nura sannan ki yi zancen lensin sinima, ko ki bar Sigma ɗinki yadda yake ki nemo abin da ya fi 18 faɗi.

Ɗanjuma Jos: A rubuta, yau Malam ya ce na ci.

Malam Sabo: A gaɓa ɗaya na ce.

Hajiya Rabi: Ga abin da zan yi. Ba zan saya ba tukuna. Akwai mai ba da haya da ya ce yana da DZOFilm 14-30 mai bakin Canon, zan karɓa na kwana biyu. Ranar Asabar za mu je gidan da za a yi aikin, ɗakin uwargida, shi ne mafi ƙunci. Sin ɗaya, mutum huɗu, ɗaya ya shigo daga ƙofa. A ɗauka da shi, a ɗauka da Sigma ɗinmu, fitila iri ɗaya. Nura, kana da aiki ranar?

Nura mai fokas: Babu Hajiya. Zan zo da tef da alli.

Ummi Edita: A turo mini ba tare da an rubuta wanne ne wanne ba. Kuma a sa mutum ɗaya a can gefe, mai hula.

Ɗanjuma Jos: A yi ɗaya da dare, da fitila biyu kacal. In ba haka ba ban yarda da sakamakon ba.

Hajiya Rabi: Man janaretan dare a aljihunka, Ɗanjuma.