Neman shawara: gara ta cinye ginshiƙan rumfata

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da na kafa rumfar mota a ƙofar gidana a Rigasa, kafinta ya shafe ginshiƙan da baƙin mai, ya ce an gama. Bayan daminar bana na dafa ɗaya, sai yatsana ya nutse a gindinsa, ashe gara ta rarake cikin ta bar ɓawo. Yanzu na sayo katakon maɗaci a Panteka da kuɗin da na ware don gyaran ɗakin mahaifiyata, ita kuwa ba ta sani ba. Wane magani zan shafa?

Wani kafinta: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba ka faɗa mana ko katakon ya bushe ba, domin ɗanyen katako ba ya shan magani. Ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani har hunturu ya busar da shi, a gama yanka da huji, sannan a tsoma gindin kowane ginshiƙi cikin Solignum, wato maganin kare katako daga gara, ya kwana, saboda ta bakin yanka itace ya fi sha. Jan tsakiyar maɗaci da ƙyar yake karɓar magani, farin gefen ne ke sha, kuma shi gara ke fara ci. Kada ka binne su, ka ɗora su kan siminti da ƙafar ƙarfe.

Wani dattijo: Baƙin mai bai taɓa ba ni kunya ba. Ka dai tabbata maɗacin ne, domin ni maje aka sayar mini da sunansa, kuma har yau mutumin yana gaishe ni ba kunya.

Wata Hajiya: Da kirya ka nema, gara ba ta iya mata.

Kafintan: Baba, baƙin mai a fata yake tsayawa. Turakun lantarki na katako da ƙarfin inji ake tura musu magani har ciki, shi ya sa suke daɗewa a ƙasa.

Mai tambaya: Na gode, Malam, amma na riga na haƙa ramuka, kuma mai katakon ya rantse mini busasshe ne, ko da yake da nauyi. Ƙafar ƙarfe ƙarin kuɗi ce. Idan na gauraya Solignum da baƙin mai na binne, ba zai yi ba?