Neman shawara: sitikun Spitfire ɗina sun yi fari-fari, tambarin fiffike kuma ya karkace

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min kafin in yi ɓarnar da ta fi wadda na riga na yi.

Yayana ne ya zo min da ƙaramin jirgin haɗawa daga Ingila, Spitfire Mk.I, sikelin 1/72 (wato an rage girman jirgin gaske sau 72), irin waɗanda suka tare jiragen Jamus a 1940. Shi ne na farko da na taɓa haɗawa. Faɗin fikafikansa bai cika santimita 16 ba, amma sati uku na yi a kansa, kullum bayan isha'i. Na yi fenti da buroshi, kore da ruwan ƙasa, fenti mai ruwa marar sheƙi, kuma wallahi ya yi kyau har na fara jin kaina.

Shekaranjiya na zo manna sitikun, irin waɗanda ake jiƙawa a ruwa su zame daga takarda. Da suna jiƙe komai lafiya lau. Da gari ya waye sai na ga haruffan jikin jirgin, DW da K, sun yi wani fari-fari a tsakaninsu kamar an shafa azurfa, musamman in na karkata shi wajen taga. Tambarin fiffiken dama, wannan zagayen shuɗi da ja, ya gusa gaba ya bushe a haka, ba su daidaita da na hagu ba. Na ƙarƙashin fiffike kuma ya yi ƙwanƙwaro a kan wani ɗan tudu, na danna da yatsa, ya tsage.

Abin da ya fi ba ni haushi: na ɗauka banish, ruwan nan garai-garai da ake rufe fenti da shi, zai ɓoye farin, sai na shafa marar sheƙi a ɓangaren hagu. Bai ɓoye komai ba. Na dama ban taɓa ba tukuna. Ba ni da wasu sitikun. Akwai gyara ko in haƙura?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, kwantar da hankalinka, duk wanda ka gani a nan ya sha wannan ruwan. Amma ajiye kwalbar banish ɗin nan nesa tukuna.

Farin da kake gani iska ce. Fenti marar sheƙi, in da za ka duba shi da gilashin ƙara girma, za ka ga gargasa ne kamar samfefa. Sitikar kuma an buga ta ne a kan wata siririyar fata garai-garai wadda ta haɗe haruffan. Da ka ɗora ta a kan gargasa sai ta hau kan tuddai kawai, ramukan suka riƙe ruwa. Ruwan ya bushe, iska ta maye gurbinsa, haske ya bugi iskar ya dawo idonka fari. Shi ya sa a jiƙe ba ka ga komai ba, shi ya sa kuma a tsakanin haruffa ya fi fitowa, inda fatar ba ta da launi.

Ɓangaren dama, da yake ba ka rufe shi ba, mai sauƙi ne. Samu sabuwar allura ko tsinin sabuwar reza, ka yi ta tsira ƙananan ramuka a duk inda ya yi fari. Da nauyin allurar kawai, ba sassaƙa kake ba. Sai ka ɗiga ruwan tausasa sitika da buroshi ya bi ramukan ya shiga ƙarƙashi. Masu sana'ar suna amfani da Micro Sol, mai jan rubutu a kwalba. Ɗan'uwansa Micro Set, mai shuɗin rubutu, shi ake shafawa a ƙasa kafin a ɗora sitika. Akwai kuma Mark Fit na kamfanin Tamiya da Mr. Mark Softer.

Ga inda mutane ke faɗawa: bayan ka sa ruwan, sitikar za ta yi yamutse kamar fatar tsohuwa. Kada ka taɓa. Ko da yatsanka na ƙaiƙayi, sa shi a aljihu. A lokacin ta yi laushi kamar ɗanyen fenti, kana taɓawa za ta biyo hannunka. Bar ta ta kwana, da kanta za ta miƙe ta lafe. In da sauran fari, ka maimaita. Ni na taɓa yin sau huɗu a kan harafi ɗaya.

Ɗan Kurna:
Na gode Yaya Injiniya. Matsalar ita ce waɗannan kwalaben ban taɓa ganinsu a Kano ba. Sai an yi oda, kuɗin kawowa ma ya fi kuɗin jirgin.

Bakatsine:
Malam kada ka wahalar da kanka. Ɗan tsoma auduga a tina ko ruwan goge farcen mata, ka goge duka ka sake.

Injiniya:
Haba Bakatsine, so kake yaron nan ya yi kuka? Ruwan goge farce asiton ne a ciki, yana narkar da irin robar da ake yin jiragen nan da ita. Zai cinye sitika, ya cinye fenti, ya bi layukan fiffike ya shafe. Tinar masu fentin mota ma haka. Ko sipirit na asibiti ban yarda da shi a kan fenti mai ruwa ba, yana ɗaga shi. Sannan ka ce ya sake, da me zai sake? Ya ce ba shi da wasu.

Bakatsine:
To na janye. Ni a kan tankin babur na gwada, Allah ya ba da haƙuri.

Maman Hanif:
Ni da ɗana muke haɗawa, kuma ba mu taɓa mallakar kwalbar nan ba. Farin khal muke sawa, wanda ake zuba wa salak. In ka buɗe Micro Set ma, aka ce min, warin khal ne ke fara dukan hancinka. Ina haɗa shi rabi da rabi da ruwan ɗumi. Bai kai na kanti ƙarfi ba, amma yana aiki. Ka fara gwadawa a ƙarƙashin wutsiya ka ga ko fentinka zai jure.

Batun tambarin da ya karkace, ga yadda na yi da namu. Na yanko ƙyallen auduga daidai faɗin tambarin, na jiƙa da ruwan fulas mai ɗumi, ba tafasasshe ba, na ɗora a kai. In ya huce in sake jiƙawa. Gam ɗin sitikar da ruwa yake narkewa, kuma in ba a rufe da banish ba, ruwa zai sake tayar da shi. Kusan minti ashirin ya ɗauke ni. Daga nan na dinga cusa jiƙaƙƙen buroshi ta gefe a hankali har ya fara shawagi, sai na tura shi da buroshin. Kada ka sa hantsaki, kada ka ja. Kuma ka yi wannan kafin ka sa masa wani ruwan tausasawa, don in ya yi laushi ya lafe, ba ya sake tashi sai a yage.

Kafin ka tayar da shi, auna na hagu da rula daga bakin fiffike, ka sa ɗan salatef ɗin takarda alama a na dama. Ido yana yaudara.

Ɗan Damagaram:
Ƙari a kan maganar Hajiya: tambarin da aka tayar sau biyu gam ɗinsa ya ƙare. Ɗiga farin gam na kafintoci, irin Top Bond, ɗigo ɗaya a cikin cokalin ruwa, ka shafa a wurin kafin ka zaunar da shi. Yana bushewa garai, yana kuma cike ramukan fentin. Sai ka mirgina tsinken goge kunne daga tsakiya zuwa gefe ka kori ruwan. Mirginawa, ba gogewa ba. Abin da ya ɓullo a gefe ka share tun yana ɗanye.

Sannan ka lura da lokacin da muke ciki. Da hunturun nan ruwa ba ya minti biyu a kan roba, ina jin shi ya sa naka ya kame kafin ka daidaita shi. Kashe fanka, rufe taga, ka fara jiƙa wurin kafin sitika ta sauka. In ka gama ka kife roba a kan jirgin saboda ƙura. Ruwan rijiyar burtsatse wani lokaci yana barin farin tabo in ya bushe, ni da ruwan leda nake yi.

Tsohon Soja:
Yaro, ka yi sa'a da rashin sa'a. DW alamar runduna ta 610 ce ta sojan saman Birtaniya, wadda ta yi zama a sansanin Biggin Hill kusa da London a 1940, K kuma harafin jirgin ne shi kaɗai a cikin rundunar. Haruffan wannan runduna manya ne, ka ga ke nan fatar da ke tsakaninsu tana da faɗi. Nan gaba ka yanke kowane harafi daban, ka rage fatar gefensa da reza tun tana kan takarda.

Kuma ka sani a jirgin gaske fenti ne, ba manne ba. Saboda haka wanda ya tsage a ƙarƙashi ba abin kuka ba ne. Jiƙa shi, haɗa bakin tsagar da buroshi, bar shi ya bushe, ka bi layin da ɗigon fenti. Ka haɗa launin a kan farar takarda kusa da tambarin har su yi kama, ka kuma jira ya bushe kafin ka yanke hukunci, don launi yana sauyawa in ya sha iska.

Injiniya:
Saura ɓangaren hagu da ka rufe. Ba zan yi maka ƙarya ba, shi ne mai wuya. Banish ya toshe hanya, allura kaɗai ba ta isa ba. Ka tsaga fatar da tsinin reza a bin gefen haruffan, ka sa ruwan, ka gani. In bai yi ba, ɗauki buroshi mafi siriri da kake da shi ka fente fatar da launin da ke ƙarƙashinta, kore a kan kore, ruwan ƙasa a kan ruwan ƙasa, kana kewaye haruffan. Cikin D da tsakanin ƙafafun W ne za su ba ka wuya. In kuwa ka zaɓi cirewa gaba ɗaya, salatef ake mannawa a fizge, amma yakan tafi da fenti, kuma sai ka nemi sababbi, irin na Xtradecal da ake sayarwa daban a Ingila.

A jirgi na gaba: banish mai sheƙi tukuna, ya bushe sosai, sannan sitika, sannan marar sheƙi a ƙarshe. Kuma daƙiƙa goma ta isa a ruwa. Cire ka ajiye a kan tishu har ta fara zamewa da kanta.

Ɗan Kurna:
Subhanallah, ni a kofi na zuba su duka na bar su suna iyo har na gama shan shayi.

Maman Hanif:
Ai gam ɗin duk yana cikin kofin.

Ɗan Kurna:
Na dawo da rahoto bayan kwana uku. Tambarin fiffike ya tashi da ruwan ɗumi kamar yadda Hajiya ta ce, sai dai ni ya ɗauke ni fiye da rabin awa, ya kuma ɗan gutsure a baki, na cike da shuɗi. Yanzu sun daidaita da na hagu. Haruffan dama na tsira na sa khal sau uku, farin ya ragu sosai, sai ka sa fitilar waya za ka ga ragowarsa. Na hagu khal bai yi masa komai ba, fente shi na yi, hannuna ya yi rawa na taɓa ƙafar W. Baba Tsohon Soja, tokar haruffan nan da me ake haɗa ta? Na gwada baƙi da fari kawai, nawa ya fito duhu.

Tsohon Soja:
Ƙara fari, ka taɓa shuɗi da bakin tsinke. Turo hoto da rana, ba da fitila ba.