Wai me za mu kira "dirag washa" da Hausa?

Ɗan Samaru:
Salam jama'a. Masu zuwa fatsa dam ɗin Kubanni da Galma ku matso. Waɗannan 'yan faya-fayan da ke cikin kwarkwaron injin fatsa, masu sakin zare a hankali in tarwaɗa ta fizga don kar ya tsinke, me za mu kira su? Kullum gardamar a shafa musu giris ko a bar su a bushe muke yi amma ko sunan abin ba mu da shi, sai dai kowa ya ce "abin nan na ciki".

Bakanike Sabon Gari:
Washar birki mana, meye na wahala.

Ɗan Samaru:
A'a oga, birki tsayarwa yake yi, wannan kuwa aikinsa ya riƙe yana zamewa, ranar da ya tsaya cak ai ranar zare ya tsinke kifi ya tafi da ƙugiya.

Malamin Tudun Wada:
To ku ce linzami. Doki ma ba ɗaure shi ake yi da linzami ba, ja ake yi ana sassautawa har ya gaji ya bi. Tsarin gaba ɗaya linzamin fatsa, kowane ɗaya a ciki faifan linzami.

Bakanike Sabon Gari:
Malam ka kawo ta wlh, na janye. Amma maganar giris ku bar min nan fagena ne. Ya danganta da irin faifan. Na tsumman ulu dole ya sha mai, in ya bushe ƙonewa yake yi ya daddage. Na saƙaƙƙen zaren kabon, irin samfurin Carbontex ko HT-100 na kamfanin Penn, yana aiki ko a bushe, har ma ya fi riƙo da ƙarfi, sai dai farkon fizga yakan ɗan maƙe kafin ya saki, kuma da ruwa ya shiga ko ƙurar hunturun nan tamu sai ka ji yana cijewa yana saki yana cijewa, to a nan zare siriri yake tsinkewa. In ka shafa giris ƙarfin ya ɗan ragu amma sakin sumul, ruwa ma bai samun wurin zama. Ni dai mai giris nake so. Kaɗan fa, ka shafa da yatsa ka goge har saƙar faifan ta riƙa nunawa. Kuma giris ɗinsa daban ne, irin samfurin Cal's ko na kamfanin Shimano, don Allah kar wani ya ɗebo baƙin giris ɗin boris na mashin.

Malamin Tudun Wada:
Shi ke nan, faifan linzami mai giris da busasshen faifan linzami. Jam'i faya-fayan linzami.

Ɗan Samaru:
Na karɓa Malam. Oga, ran Asabar zan kawo maka nawa shago ka buɗe mu gani ko na ulu ne ko na kabon.