Baƙin mai a jikin jirgi mai rigingine: laifin wa?

Mai-Sifana: Salamu alaikum 'yan gida. Yau raina a ɓace yake wallahi. A hangar da nake aiki nan Afirka ta Kudu akwai wani Super Decathlon mai injin Lycoming AEIO-360, ƙarfin doki 180, irin na wasan alkafura a sama. Mai jirgin ya sauko ya tarar jikin jirgin ya yi kaca-kaca da baƙin mai, ya ce kuma allurar gejin matsin man inji ta ɗan faɗi lokacin da ya yi rigingine. A gaban yara ya ce ban iya aiki ba. Alhali da hannunsa ya ɗura mai har kwat 8 (kwat ɗaya ya kusa lita ɗaya), ya cika kaskon man da ke ƙasan inji fal. Wanda ya yi yawa dole injin ya tofar da shi ta bututun numfashi. Tsarin Christen ɗin nan, wato kayan da ke ba inji mai idan jirgi ya kife, ba tsafi ba ne, aikin famfo ne kawai. Jirgi na daidai, inji na zuƙar mai daga kaskon ƙasa. Ya kife, man ya zubo rufin inji, ƙwallayen ƙarfen da ke cikin bawul su faɗa ɗaya gefen, su toshe tiyon kasko su buɗe na sama. Ina laifina a nan?

Baban Khalifa: Aikin famfo? Ƙanena, janye kalmar nan. Shekaru muka yi muna neman lasisi, yau ka haɗa mu da masu gyaran banɗaki.

Ɗan Zazzau: Oga ya yi gaskiya. Irin wannan baki ne ke sa matuƙa su raina mu.

Mai-Sifana: Yallaɓai, tiyo ne da bawul da mahaɗa. Me zan kira shi?

Na-Kaduna: Ai ma bai yi kuskure ba. Abin da ke tura mai cikin inji sunansa me da Hausa? Famfo. To me ya yi zafi?

Baban Khalifa: Famfon mai daban, aikin famfo daban. Kar ka juya magana.

Hajiya Injiniya: Mai-Sifana, bar su. Tiyon da ke dawo da mai daga gwangwanin da ke raba mai da iska zuwa kasko, gangare yake tun daga sama har ƙasa, ko ya yi ciki a tsakiya? In ya lotsa, mai zai kwanta a wurin, ka ga ɓarna ko ba a cika kasko ba. Kuma bawul ɗin a tsaye yake cak a jikin bangon da ke raba inji da wurin zaman matuƙi?

Ɗan Zazzau: Mu dai a Zariya ba a taɓa koya mana "aikin famfo" ba. Makarantar jirgin saman da ke nan tun 1964.

Na-Kaduna: Sannu ɗan makaranta. Jirgi nawa ka taɓa gani ya kife a Zariya? Mu da muka yi soja mun san alkafura.

Ɗan Zazzau: Air Beetle, ɗan jirgin koyon naku, shi ne alkafurar?

Na-Kaduna: A Kaduna aka harhaɗa shi dai. Ku me kuka harhaɗa?

Kyaftin: Ku yi haƙuri in sa baki a matsayina na matuƙi. Ba kowace juyawa ke buƙatar wannan kaya ba. Bob Hoover, shahararren matuƙin Amurka, ya tsiyaya shayi a kofi yana mirgina jirgi, bai zube ba, don nauyi na danna komai zuwa ƙasan jirgin har ya gama. Mai ma haka zai zauna a kaskonsa. Sai an tsaya a rigingine ne ake neman bawul. Amma duk matuƙin da ya ga allura ta faɗi yana da haƙƙin yin faɗa. Ransa ne a sama, ku kuna ƙasa kuna shan shayi.

Hajiya Injiniya: Kyaftin, ɗan faɗuwar nan a daidai lokacin juyawa sananne ne. Idan jirgi ya tsaya a kan fiffike ɗaya, ko nauyi ya ɗauke gaba ɗaya, ƙwallon ba ta san inda za ta faɗa ba, famfo ya zuƙi iska na ɗan lokaci. Abin tambaya, ta dawo nan take ko ta daɗe a ƙasa?

Baban Khalifa: Ga shi kema kin ce famfo, Hajiya.

Hajiya Injiniya: Ikon Allah.

Yaro Mai Rotax: Shi ya sa injin Rotax 912 ya fi. Tankin mansa daban yake, ba ruwansa da kasko.

Na-Kaduna: Kai yaro, buɗe littafin injin naka. Daƙiƙa 5 kacal aka yarje masa idan nauyi ya koma sama. Kife shi ka gani.

Yaro Mai Rotax: Amma ai ya fi shan mai kaɗan.

Ɗan Zazzau: Wa ya tambaye ka fetur?

Baban Khalifa: Ni dai har yanzu ba a janye ba. Wanda ya ɗauki aikinsa na famfo, kar ya yi kuka in an biya shi kuɗin mai famfo.

Mai-Sifana: Yallaɓai, mai famfo a nan ƙasar ba ƙaramin kuɗi yake caja ba.

Kyaftin (admin): To ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta: kowa ya yarda mai jirgin yana da gaskiya da ya nuna damuwa, kuma ya kamata injiniyoyi su riƙa sauraron matuƙa. Batun kalma, Mai-Sifana ya ba Baban Khalifa haƙuri a bayan fage. Na-Kaduna da Ɗan Zazzau, ku kai rigimarku can.

Na-Kaduna: "Kowa" wa? Ni ban yarda ba.

Mai-Sifana: Hajiya, yanzu na leƙa da tocila. Tiyon ya ɗan yi ciki kusa da ƙafar inji, kamar faɗin yatsa biyu. Amma fa shi ma mai jirgin kwat 8 ɗin ya ɗura.

Baban Khalifa: Sai ka kira mai famfo ya miƙe maka shi.