Procrastination ba jinkiri ba ne, a taimaka mu samo mata suna

Jama'a masu fassara da malaman Hausa ku matso kusa don Allah. Duk inda na ga an fassara procrastination sai in ga an rubuta jinkiri, ni kuma gaskiya raina bai kwanta da hakan ba. Jinkiri ai yakan zo maka ba da son ranka ba, mota ta lalace a hanya, albashi ya makara, shi ya sa ma muke cewa wani jinkirin alheri ne. Ita kuwa wannan kai ne da kanka ka san aikin yana jiranka, lafiyarka ƙalau, lokaci kana da shi, amma sai ka ce bari in ɗan duba waya tukun, anjima ta zama gobe, gobe ta zama jibi, kuma can cikin zuciyarka abin yana cin ka.

Turawan ma aro suka yi daga Latin, pro na nufin gaba, cras kuma gobe, wato tura abu zuwa gobe kenan. Larabawa ma haka suka gina tasu, taswif, daga saufa, irin ta "zan yi nan gaba", kuma malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kanta wajen tuba. Ku duba mai ramuwar azumi mana. Shawwal ya wuce ya ce ai akwai lokaci, sanyi ya zo ranaku sun gajarta ya ce sai sati mai zuwa, sai an ga watan Sha'aban sannan ya zauna yana ƙirga kwanaki da yatsu. Wannan ne ainihin abin, ba kasala ba ce kawai, don mutumin yana iya wuni yana wasu ayyukan.

Wani ya ba ni shawarar jan ƙafa. To ita jan ƙafa da gangan ake yi wa wani, kamar ma'aikacin da ya danne takardarka a ofis, ta fi dacewa da stall. Dawdle da dilly-dally kuma ba matsala, muna da nawa (rashin hanzari) da shiririta.

Wadda ta fi burge ni ita ce filibuster. Asalinta vrijbuiter ce ta mutanen Holan, ɗan fashin teku, ta bi ta bakin Sifaniyawa, daga baya aka laƙaba wa sanatan Amurka da zai kama magana ya ƙi zama don kada a kaɗa ƙuri'a. A 1957 wani sanata mai suna Strom Thurmond ya yi awa 24 da minti 18 yana zuba don ya tare dokar 'yancin baƙar fata, kuma duk da haka dokar ta wuce. Wannan ni dai fashin lokaci zan kira ta.

Mu koma kan tamu. Sai-gobe ta yi daɗi a baki amma za ta rikice da sallama. Gobe-gobe kuma tela da mai bashi suka riga mu, wani suke ja wa rai ba kansu ba. Don haka ni na tsaya kan bari-sai-gobe: yana fama da bari-sai-gobe, bari-sai-gobe ce ta kayar da shi jarabawa. Ta ɗan yi tsawo amma ko kakarka ka faɗa wa za ta gane. Mutanen Sakkwato da Damagaram, in akwai wadda ta fi ta a bakinku ku kawo.