Wai a zamanin manzanni ma an yi irin rigimar da muke yi a coci?

Ƴar Narayi:
Salama ƴan'uwa. Abin ya dame ni ne shi ya sa na kawo shi nan. A majalisarmu lokacin Kirsimeti an raba wa gwauraye, matan da mazansu suka rasu, shinkafa da man gyaɗa, sai ga shi matan da ke zuwa sujadar Hausa yawancinsu ba a sa sunansu ba, na sujadar Turanci kuwa kowacce ta samu. Tun daga nan Zumuntar Mata ta rabu biyu har wasu ba sa gaisawa a bakin ƙofa. Jiya wani dattijo ya ce mana ai zamanin manzanni ba a san wannan ba, zuciyarsu ɗaya komai nasu ɗaya. Haka ne kuwa? Ko mu ne dai muka lalace?

Malamin Lahadi Kakuri:
Ƴar'uwa, Baba bai yi ƙarya ba, Ayyukan Manzanni 4:32 ya faɗi haka. Amma ki ci gaba da karatu zuwa sura 6 za ki ga labarinku sak. A Urushalima Yahudawa masu jin Helenanci, wato yaren Girkawa, suka yi gunaguni a kan masu jin Ibrananci, domin ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Kin gani, harshe ne da abinci da gwauraye. Abin da ke taɓa ni shi ne manzannin ba su ce ku yi shiru ku yi haƙuri ba, sun tara jama'a suka ce ku zaɓi mutum 7 masu mutunci a ba su aikin, kuma in kin duba sunayen, Istifanas, Filibus, har Nikolas mutumin Antakiya, duk sunayen Helenanci ne. Ni a fahimtata ɓangaren da aka ɓata wa rai aka damƙa wa tukunyar.

Maman Biyu:
Toh Malam, ai ko manyan ma sun taɓa. Bulus da Barnaba fa? Sun sha wahalar bishara tare amma a kan Markus suka rabu, don ya bar su a Bamfiliya ya koma, Barnaba ya ce a sake ba shi dama Bulus ya ce ina. Barnaba ya ɗauki Markus suka tafi Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Kullum in na zo wurin nan zuciyata tana wajen Barnaba gaskiya, don na san yadda yaro ke lalacewa in an yanke masa hukunci tun kuskuren farko. Daga baya Bulus da kansa ya rubuta a 2 Timoti 4:11 cewa a zo masa da Markus, yana da amfani a gare shi.

Ɗan Sabon Tasha:
Mama kin tuna mini da Galatiyawa 2. Bitrus yana cin abinci da Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, a Antakiya lafiya lau, da wasu suka zo daga wurin Yakubu na Urushalima sai ya janye jiki don tsoron masu cewa dole a yi kaciya, har Barnaba ya bi sahu, Bulus kuwa ya tsawata masa a gaban kowa bai bi ta bayan gida ba. Mu nan sai dai a yi ta magana a WhatsApp wanda ake yi da shi bai sani ba. Maganar kaciyar ma sai da aka zauna taro a Urushalima, Ayyukan Manzanni sura 15, aka yi muhawara sosai kafin a rubuta wasiƙa. Ga cocin Koranti kuma da ya rarrabu, wannan ya ce shi na Bulus ne wancan na Afolos, kamar yadda muke cewa faston nan ɗan yarenmu ne.

Ƴar Narayi:
Na gode Malam, na gode Mama da ɗan'uwa. Na karanta sura 6 yanzu har sau biyu. Ranar Talata muna da taron mata, zan roƙi Mama shugaba ta bar ni in karanta shi da Hausa wata ta karanta da Turanci, sannan mu nemi a sa mata biyu daga sujadar Hausa cikin masu rubuta sunaye kafin rabon Ista. Akwai wata tsohuwa da ta daina zuwa tun Janairu, gobe zan leƙa gidanta. Ku sa mu a addu'a.